Ɗakin Nadim

A sansanin 'yan gudun hijirar nan na kudancin Lebanon ba a faɗaɗa gida. Sama ake ƙarawa, in an samu siminti, kuma an daɗe sojojin bakin ƙofa ba sa barin ko buhu ɗaya ya shigo. Shi ya sa ranar da uban yarinyar da Basil ke nema ya aiko cewa in ba ɗaki kafin babbar salla a kwance baikon, kowa a gidan ya kalli ƙofa ɗaya a ƙasan bene, sannan ya kau da kai.

Ɗakin Nadim Kaddura ne, yayan Abu Basil mahaifin Basil, wanda ya rubuta littattafan labari a kan ƙauyensu na Galili, ya kuma yi wa jam'iyya aikin jarida har ranar da aka harbe shi a hanyar maɗaba'a. A lokacin Abu Basil yana da gashi a ka. Tun daga nan yake share ɗakin duk Juma'a: teburi, keken rubutu, littattafai har rufi, da kwat a jikin ƙusa. Shi dai gyaran firji ne sana'arsa, amma a sansanin ba wanda ya san shi da wannan. Ƙanin Nadim yake, ya tsufa a ƙanin Nadim.

"Matacce na da ɗaki, ɗanka na kwana a kicin," in ji matarsa Ummu Basil, tana tsinke ganyen lalon da suke kira mulukiya. "Da ni ce yarinyar, da tuni na auri mai gawayi."

"Ai mai firji kika samu," in ji Abu Basil.

"Shi ya sa har yau ban ji ɗumi ba."

Labarin cewa za a ba Basil ɗakin ya riga Abu Basil fita lungu. Da la'asar sai ga Abu Fadi, tsohon abokin gwagwarmayar Nadim, wanda ke kawo baƙi ɗakin sau ɗaya a shekara, ya yi jawabi, a ɗau hoto. Jam'iyyar ta rabu biyu tun tuni, kowane ɓangare da ranar da yake tunawa da marigayin, don haka Abu Basil sau biyu yake dafa gahawa.

"Haba ɗan'uwa, me nake ji?" Abu Fadi ya zauna a kujerar da ake hana yara taɓawa. "Wannan ɗakin ba naka ba ne. Na al'umma ne."

"Al'umma ta taɓa zuwa da tsintsiya?"

"Kar ka yi wasa da jinin shahidi."

"Ni na wanke shi, Abu Fadi. Kai a lokacin kana neman lasifika."

A waje janareto yana ta tari. Abu Basil ya zuba masa gahawa marar sukari, ya ce to, tunda na al'umma ne, ga littattafan nan, a turo mota a kai ofishin jam'iyya.

Abu Fadi ya ɗaga kai ya auna su da ido. Ofishin yana yoyo, in ji shi. Gidansa kuwa, ai Abu Basil ya san halin hajiyarsa. Ɗaya ɓangaren ma kar a kuskura a ba su, mayaudara ne, sayarwa za su yi. A ƙarshe ya sauke babban hoton Nadim da ke bango, ya rungume shi a hammata, ya ce tarihi ba zai yafe ba. A bakin ƙofa ya juyo ya tambayi yaushe ne bikin, kuma rago za a yanka ko kaji.

Washegari Abu Basil ya fara kwasar littattafan zuwa ɗakinsu na sama. Gwiwoyinsa suna ƙara a kowace matakala. Ya cika ƙarƙashin gado, ya cika saman kwaba, ya jera sauran a gefen da yake kwana, har sai ya karkace zai shiga. Ummu Basil ta tsaya tana kallo. Ita ta ɗauko kwat ɗin da kanta, ta kakkaɓe, ta rataye cikin kayansa.

Da aka gama, ya zauna a matakala yana haki. Ɗakin ya koma ƙarami, bangon duk shatin kanta. Basil ya tsaya a kansa da bokitin fenti, ya kasa shiga.

"Baba, in da nauyi a bari. Zan yi musu magana."

"Ka yi musu magana ka ce me? Baffanka ya cika littafi da mutanen da ba su da wurin kwana. Ba zan ƙara masa ɗaya ba."

Ya zaro makulli daga aljihu. A zobe ɗaya yake da wani babba mai tsatsa, na gidan kakan Basil a Galili, wanda aka kore su daga cikinsa. Ya daɗe yana fama da zoben da farcensa kafin ƙaramin ya fita.

"Ungo. Wannan ne mai buɗewa. Ɗayan sai na mutu ka gada."

Basil ya sumbaci hannunsa, ya ɗora a goshi. Abu Basil ya janye hannun, ya ce ya fara da bangon taga, can ne danshi ya fi ci.