Hayaƙi daga Cikin Barso

Ranar Asabar da hantsi Madam Halimatussa'adiya ta shigo garajin Abarshi da ke bayan tashar Konni, riƙe da ledar tumatir, don ta ga ko an gama da motarta. Ba ta saba zuwa ba. Shekara goma sha tara tana aikin ungozoma a asibitin Alela, amma har yau ba ta san inda ake zuba wa mota ruwa ba. Duk wannan ta bar wa ƙanenta Kamalu, wanda ke tuƙa ta. Shi ne ma ya matsa a ɗaga motar kafin damina, a sa mata sababbin sufurin masu tauri, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota, don hanyar Alela in ruwa ya sauka sai mota mai tsawon ƙafa.

Ta iske motar a bisa rami, an cire tayoyin baya. Abarshi, gajeren dattijo mai furfura a gemu, ya leƙo daga ƙasa.

"Madam, Allah ne ya kawo ki. Aje ledar ga, ki duƙo ki gani."

"Ni da zanen fita, Malam Abarshi? Ina Kamalu?"

"Ya tahi aski. Gara da babu shi, tun da sahe muke ta ja-in-ja."

Ta tattare zane ta duƙa. Ya haska mata tocila a kan wani ƙarfe mai kauri da ya ratsa ƙasan motar daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wanga shi muke ce ma barso. Shi ke ɗauke da ƙafafun baya duka biyu. Kin ga nan?"

Ta gani. Wata tsaga ce siririya kamar zare, tsawon ɗan yatsa.

"Tsoffin sufurin sun yi laushi, su ke shanye duka," in ji Abarshi. "Sababbin ga ba su da tausayi. Duk ramin da kika faɗa, nan bugun zai ƙare. Wata rana kina ɗauke da mai naƙuda, taya ta yi miki sallama ta nuhi gonar mutane."

"Subhanallahi! To yaya za a yi?"

"A ɗora mishi farantin ƙarfe a yi walda. Awa biyu an gama. Amma ƙanenki ya ce in na taɓa wurin, sai dai kotu ta raba mu."

"Kotu? Kamalun?"

Ta miƙe ta kira shi a waya. Ya ɗauka da fara'a, ana jin ƙarar injin aski a bayansa. Tana cewa tana garaji, fara'ar ta ɗauke.

"Yaya, me ya kai ki can? Kada ki bari tsohon nan ya sa wuta a motar! Neman aiki yake. Ƙarfen nan lafiyarsa lau, ni na sani!"

"Na ga tsagar da idona."

"Yaya, don Allah, don Annabi, ki jira ni. Ga ni nan tafe."

Ta kashe wayar ta tsaya tana kallonta. Kamalu bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ita ta raine shi tun rasuwar innarsu, ita ta biya masa koyon tuƙi. Sai ta tuna matar da suka ɗauko daga Bazaga bara cikin ruwa, tana kwance a kujerar baya tana cizon zane, motar na ta faɗawa ramuka.

"Motar wa ce, Malam Abarshi?"

"Taki."

"To sa wuta."

Abarshi ya jiƙa buhu ya lulluɓe tankin mai, ya daidaita farantin ƙarfen, ya ja gilashi bisa fuska. Wuta ta fara tartsatsi. Madam ta koma gefe ta zauna kan benci tana tunanin miyar rana.

Ba a yi minti biyu ba wani wari ya taso. Ba warin walda ba ne. Warin leda ce mai ƙuna, da wani ɗaci-ɗaci da ya tsaya mata a maƙogwaro. Baƙin hayaƙi na fitowa siriri ta bakin tsagar.

Abarshi ya kashe injin. Ya ɗaga gilashin, ya daɗe yana kallon hayaƙin.

"Ƙarfe ba ya irin wanga hayaƙi," ya ce a hankali.

Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa gefen barson. Ya yi ƙara, ƙwal, kamar yadda ƙarfe mai kogo ke yi. Ya matsa tsakiya ya sake bugawa. Dum. Kamar an daki buhun gero.

Ya sa wuƙa ya kankare baƙin maiƙon da ya daskare a wurin. Kan noti ya bayyana, sannan na biyu, har guda huɗu, sun zagaye wani ɗan murfi da aka yanka a jikin ƙarfen aka mayar. Daga kusurwar yankan ne tsagar ta taso.

"Madam," ya ce, "wanga ba aikin masu ƙera mota ba ne."

Ta dawo bakin ramin. Ya kwance notin ɗaya bayan ɗaya. Murfin na faɗuwa, ƙunshin ledoji suka biyo shi, wasu sun narke sun manne da juna. Ɗaya ya fashe a ƙasa, katunan magani suka warwatsu cikin baƙin mai.

Ba ta buƙaci karanta rubutun ba. Tramol ne, mai ƙarfin nan da ba a ba da shi a kowane asibiti. Ta san shi a aljihun samarin da ake kawo musu suna farfaɗiya, kumfa a baki, ana rirriƙe su. Ta dafa jikin motar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A motata? Malam Abarshi, a motata?"

Abarshi ya zura hannu cikin kogon har gwiwar hannu, ya ci gaba da zaro wasu.

Sai abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Kowace Litinin suna wuce shingen jandarma a hanyar Alela. Ba a taɓa buɗe mata but ɗin mota ba. Rabin matan barikin ita ta karɓi haihuwarsu. Suna hango farar motar za su ɗaga igiya, su ce, "A sauka lafiya, Mama." Ita kuma ta ɗaga musu hannu tana murmushi, da wannan abu a ƙarƙashinta. Da an kama, wa zai yarda ma'aikaciyar asibiti ba ta san da magani a motarta ba?

Ɗan kabu-kabu ya shigo garajin a guje. Kamalu ya diro tun bai tsaya ba, rabin kansa a aske, rabi da suma. Ya kalli ramin, ya kalli yayarsa, ya tsaya cak.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Yaya, ki bari in yi miki bayani..."

"Tun yaushe, Kamalu?"

"Wata takwas."

"Wata takwas!" Muryarta ta tsinke. "Sababbin sufurin fa? Don hanya ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun ce za su ƙara kaya. In bayan motar ya zauna, za a lura."

"Su ƙara a ina? Ɗan kogon nan?"

Abarshi ya fito daga ramin, ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga kujera, ya ƙwanƙwasa ƙasanta da bayan yatsa. Dum. Ya je jikin ƙofa. Dum.

Madam ta sa hannu biyu a ka. A kan kujerar nan yara uku suka faɗo duniya kafin a kai asibiti.

Kamalu ya zube a gabanta cikin ƙasa da mai. "Yaya, mutanen nan ba su san wasa ba. In kayansu ya ɓace, kashe ni za su yi. Ki bari a mayar, a rufe, in kai wannan kawai. Wallahi daga shi na daina."

Abarshi ya goge hannu da tsumma, ya rage murya. "Madam, ni ba na mayar da shi. Amma in kina so, sai in kwashe in zuba cikin ganga in cinna wuta, in ɗora farantin in liƙe. Ƙarfe ya yi ƙarfi, magana ta mutu nan. Ni ban ga komi ba."

Ta dubi farantin, an riga an kama gefensa ɗaya da walda. Awa biyu, komi ya rufu. Litinin ta wuce shinge a ɗaga mata igiya. Amma masu kayan sun san motar, sun san ranar, sun san hanyar. Duk ranar da aka kama ɗaya daga cikinsu, sunan da zai fara fita bakinsa shi ne farar motar ungozomar Alela, kuma za a zo a iske ta sa an liƙe wurin da hannunta.

"Kada ka ƙara ko ɗigon walda," ta ce. "Bar shi a buɗe yadda yake. Kada a taɓa ko kati ɗaya."

Ta ciro wayar. Ta nemo lambar shugaban jandarmomin shingen.

"Yaya!" Kamalu ya kama gefen zanenta. "Ni ne fa!"

"Na sani. In ka tsaya, tare za mu shiga, in tsaya maka iyakar ƙarfina. Ka faɗa musu masu kayan."

Wayar ta fara ƙara. Kamalu ya saki zanen, ya miƙe, ya ja da baya taku biyu. Sannan ya juya ya zura da gudu, ya bi ta tsakanin gawarwakin motoci, ya haura katangar baya. Takalminsa ɗaya ya faɗo ciki.

"Alo, Mama, ina kwana? Lafiya dai?" in ji shugaban jandarmomin.

Ta gaya masa inda take da abin da ke cikin ramin. Da ya sake magana, ba Mama ya ce ba.

"Madam, kada ki bar wurin. Wa ke tuƙa motar?"

Ta kalli katangar. Abarshi ya kau da kai.

"Kamalu Boubacar," ta ce. "Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yanzun nan ya gudu, ya yi wajen kasuwa."