Izinin da Rahamatu Ta Bayar

Malama Rahamatu ta daɗe tana koyar da aikin ungozoma kafin ta yi ritaya ta zauna a gidanta na Samaru. Zaman bai karɓe ta ba, sai ta shiga rubuta ɗan littafi da Hausa a kan zazzaɓin yara: alamominsa, lokacin da ya kamata a ruga asibiti, da abin da bai kamata uwa ta ɗura wa jinjiri ba. Suhail ɗan ƙanwarta, lauya a Sabon Gari, shi ya ɗora mata shi a intanet. Da ya tambaye ta sharaɗin da za a rubuta a shafin farko, ta ce sadaka ce. Kowa ya kwafa, ya ƙara, ya sayar ma in ya ga dama, sunanta kawai za a bari. Haka ya rubuta.

Littafin ya bazu, har ɗalibai na tura wa iyayensu mata a waya.

Wata rana da hantsi wata matashiya daga Bomo, Naila, ta yi sallama da yaro a goye. Ta ƙi zama. Ta miƙo littafin bugagge, da sunan Rahamatu ɓaro-ɓaro a bango, ta buɗe ƙarshensa. Shafuka ne da Rahamatu ba ta taɓa gani ba, an jera sunayen allurai da ƙwayoyi da yawan da za a ba yaro a gida. Naila ta ce su ta bi. Yaron ya yi makonni a asibiti, ya rayu, amma kunnensa ba ya ji yanzu.

"Mama, don na ga sunanki ne," in ji ta. Ba ta jira amsa ba ta juya.

Rahamatu ta hau keke napep zuwa Sabon Gari, ta nemo maɗaba'ar da ke rubuce a bayan littafin. Mai wurin, Cornelius, haifaffen unguwar ne, ya ba ta kujera cikin ladabi. Ya ce wani mai tallar magani ya kawo masa aikin a waya, kuma tun bara bai sake ganinsa ba. Ya nuna mata shafin farko da yatsa mai baƙin tawada.

"Hajiya, ai nan an ce kowa ya ƙara. Sunanki kuma ba mu cire ba."

Ya yi alkawarin ƙona ragowar littattafan, amma ya ce shi ya san wurare da dama da suka buga irinsa.

A ofis, Suhail ya saurare ta kansa a sunkuye. Ya ce irin wannan izini in an bayar ba ya janyuwa daga hannun wanda ya riga ya kwafa. Za a iya kai ƙarar wanda ya yi ƙarin, in an san shi. Ba a san shi ba. Cikin ɓacin rai ta sa ya sauke littafin daga intanet. Sai daga baya ta gane abin da ta yi: duk wanda ya nemi littafin yanzu, gurɓataccen kaɗai yake samu.

Ta rubuta gargaɗi ta tura wa duk wanda ta sani. Kaɗan ne suka tura gaba. Sai ta koma bin shagunan magani da ƙafa, daga Palladan har Basawa, duk da ciwon gwiwa, tana roƙo kanti-kanti a daina aiki da gurɓataccen littafin. Wasu su saurare ta, wasu su ɗauka tsufa ne ya taɓa ta.

A wani shagon magani a Basawa ta tarar da wata matar soja da littafin a wayarta. Wannan ma ya fi na Cornelius tsawo, har an manna hoton Rahamatu na wani taron yaye ɗalibai. Ta yi mata bayani tun daga farko. Matar ta tausaya mata, ta goge shi a gabanta. Sannan ta ce, a hankali, jiya ta tura wa 'yan'uwanta na Funtuwa, su kuma ba ta san inda suka kai shi ba.

Rahamatu ta nemi ruwa ta sha, ta zauna a bencin shagon har ƙafarta ta lafa.