Gurbin Dalilin Gyara

…kuma ko ta zaɓi Mai Kwalliyar, wa zai ce ta yi laifi? Babu. Yaya ma har rawa zai taka. Goma da kwata yanzu. Sha ɗaya daidai zai hauro benen nan tare da mutumin kamfanin manhaja, su zauna a kujeru biyun can, su ce, to Auta, wacce?

Wacce. Sai ka ce zaɓen atamfa.

A ƙasa ana ta walda, ƙaurin yana hawowa ta tagar da ba ta rufuwa sosai. Shekara talatin ke nan shagon Baba yana ƙera injin jan ruwa, shekara bakwai kuma shafin intanet ɗin yana hannunta. Gabansa kasuwa ne, hotuna da oda. Bayansa littattafan jagora, shafi ɗari huɗu da 'yan kai, waɗanda makanikai ke buɗewa a waya suna tsugune a bakin rijiya, hannu duk baƙin mai. Duka a kan tsohuwar manhaja ɗaya suke zaune, ga shi masu ita sun aiko cewa ƙarshen wata za su rufe ta. Dole a tashi. Dole a kwashe kaya a koma sabon gida, gidajen kuma biyu ne a buɗe a kan allonta tun safe, tana kallonsu suna kallonta.

Ta hagu ita ta raɗa wa Mai Kwalliya. Kai, ta iya ado! Ka jawo hoto ka ajiye, shafi ya fito fes, mai saye ya danna sau biyu ya gama oda. Ko Yaya, da kwamfuta ke ba shi ciwon kai, ya iya ta cikin rabin yini. Aibinta ɗaya — ba ta da tuni. Shafin yau kaɗai take ɗauka. Abin da aka goge jiya, wanda ya goge, dalilin gogewar… duk a bar su a tsohon gida.

Ta dama, Mai Riƙo. Mummuna ce, gaskiya ɗaya ce. Fari da baƙi kamar takardar asibiti, sashen kasuwarta kuma sai an sha wuya kafin ya yi kyan gani. Amma ba ta mantuwa. Kowane gyara na shekara bakwai za ta kwaso shi da ranarsa da sa'arsa, har da ɗan gurbin nan na ƙasa.

Gurbin nan…

Dalilin gyara. Abin da aka rubuta a kansa ke nan, layi ɗaya tak. In ka canja wani abu a shafi, kafin ka adana, sai ka faɗi dalili. An gyara awo. An cire hoto. Shi ke nan aikinsa. Ranar da ta koya wa Baba, gilashinsa a kan karan hanci, yatsa ɗaya yana farautar haruffa kamar kaza na tsince tsaba — ta ce, Baba, nan za ka rubuta dalili. Ya ce wa zai karanta? Ta ce ni. To fa. Ita ta ja wa kanta.

Ga na farko nan, ta san shi ba sai ta duba ba. An gyara awon bututu, inci biyu ne ba uku ba. Uwata, kin karya kuwa?

Uwata. Sunan mahaifiyarsa gare ta, bakinsa bai taɓa kama shi ba, balle yatsansa. Ta yi dariya ranar har da hawaye, ta sauka ƙasa ta ce, Baba, wannan ba wasiƙa ba ce fa, ma'aikata ma suna iya gani. Ya ce ya ji. Washegari: An ƙara hoton bawul. Uwata, fankar ofishinki tana ƙara, na ji daga ƙasa, zan zo da giris.

Ya zo da shi kuwa. Ga fankar can tana juyi shiru har yau.

Sau uku tana yi masa bayani, sau uku yana cewa ya ji. Daga nan ta ƙyale shi. Tsoho ne, ta ce, bai gane ba, a bar kaza cikin gashinta. Ya zama abin dariyar shago — babban makanike kan leƙo ya ce, Auta, Baba ya aiko miki da wasiƙa a shafin injin inci huɗu, je ki karɓa.

Layukan Baba dubu biyu da ɗari uku da wani abu. Ta ƙirga su jiya. Me ya kai ta ƙirgawa?

To amma tsaya. A ajiye zuciya gefe, ita ma'aikaciya ce, ba don kuka aka ɗora ta a kujerar nan ba. Hujja take nema wadda za ta ajiye gaban Yaya, kuma akwai ta. Shafin injin inci uku, wajen ɗaure murfi. Yau yana cewa a ɗaure sannan a sassauta rabin juyi. Sabon injiniya in ya gani zai ce kuskure ne, wane irin a sassauta, ya gyara da zuciya ɗaya. Sai in ya buɗe tarihi ya ga abin da Baba ya rubuta shekara biyar baya: Roba ta fashe a hannun wani manomi don mun ce a ɗaure tamau. Laifina ne. Kada kowa ya mayar. Uwata, takalminki na hagu ya cinye, na gani.

Kada kowa ya mayar. In gurbin ya tafi, wa zai faɗa? Lambar kawai za ta saura, tsirara, ba uwa ba uba. Wannan hujja ce, ko a gaban wa. Ba ƙarya ta yi ba in ta ce don makanikai ne.

Ba ƙarya ba ce… rabin gaskiya ce dai.

Yaya ma ai ba mugu ba ne. Shi ke fita, shi ke jin masu saye suna cewa shafinku wahala, mun gaji mun tafi wani wuri. Mutum goma sha huɗu ke cin abinci a shagon nan. Jiya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota ya ce, Auta, ki kwafe layukan Baban mana ki ajiye, wa ya hana ki? Ta kwafa. Ta ma buga shafi ashirin a takarda, ga su nan ƙarƙashin kofin shayi. Amma ba su ba ne. An gyara awo — awon me? Na gani — ya ga me, yaushe, tana sanye da me? In an raba su da shafinsu sai su zama maɓallai a cikin gwangwani, rigar ta tafi.

A riƙe biyun fa? Kasuwa a wannan, jagora a waccan? A'a. Ta san ƙarshensa. A gyara lamba a nan a manta can, makanike a bakin rijiya ya karanta tsohuwar. Baba da kansa ya kafa dokar tun zamanin takarda: gaskiya ɗaya, wuri ɗaya. Da zai iya magana shi zai fara hana ta.

Da zai iya…

Wata takwas. Tsintar sa aka yi a gindin injin yankan ƙarfe, ɓarin dama ya shanye, sifana tana hannunsa na hagu bai sake ta ba. Yana nan da ransa, alhamdu lillahi, kowa haka yake cewa, ita ma haka take cewa. Yana ɗakinsa, kujera a jikin taga, Mama tana juya masa filo. Idon nan nasa garau, yana bin mutum. Harshen ne ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta jan ta kamar guga daga rijiya mai zurfi, ta zo baki ta suɓuce ta koma.

Ba ta iya kallo. Ta faɗa wa kanta gaskiya yau dai, ba kowa a ofishin: ba ta iya kallo. Tausayi ne ke hana ta, da wani abu mai kama da haushi wanda take jin kunyarsa. Kullum da yamma tana zuwa, ba ta taɓa fashi ba — amma a tsaye. Jaka a kafaɗa, waya a hannu. Baba ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, an sha magani? Minti biyar. Sannan da safe ta zo nan ta buɗe tarihi ta zauna da shi awa guda, wancan Baban mai cikakkiyar jimla, mai zolaya, wanda ba ya haɗa ta da hawaye sai irin waɗanda take so.

Goma da minti arba'in. Waldar ta tsaya, wani yana dariya a ƙasa.

Jiya ma. Ya ɗago hannun hagu, ya kama bakin mayafinta. Uwa… Uwata… kin… Jijiyar wuyansa ta tashi. Kin… Sai ta yi maza ta ce, na ci, Baba, na ci abinci, kada ka damu. Ta gyara masa bargo ta fita. Taimako ta yi a ganinta, ta rage masa wahala.

In ba abin da zai ce ba ke nan fa?

Kin… kin me? Kin gaji? Kin zaɓa? Kin ga robar da aka kawo ba ta da kyau? Kin daina zama? Ba ta sani ba. Ba za ta sani ba, don ita ta ƙarasa masa, ta sa masa tata maganar a baki ta tafi da ita.

Kuma yaushe ta fara? Wata takwas? Ina! Linzamin kwamfutar yana tafiya da kansa cikin tarihin, baya, baya, shekara huɗu, shekara shida. Ga Baba can a bakin wannan ƙofar, lafiyarsa ƙalau, yana goge hannu da tsumma. Uwata, dama ina so in… Na sani Baba, hoton ne, zan sa. Uwata, game da… An gama Baba, ina kan waya. Kullum tana gabansa da taku biyu. Mai kaifin kai, haka ake yabonta, tun kafin ka buɗe baki Auta ta gane. Sai ya yi murmushi ya juya, ta ji takunsa yana sauka a hankali. Bayan minti goma gyara ya shigo. Wani ɗan gyara da bai kai ya kawo ba, waƙafi, ko kalma ɗaya da aka cire aka mayar. Da layinsa a ƙasa.

Ga ɗaya. Ba a canja komai ba a shafin, ko ɗigo. An duba, daidai ne. Uwata, yau shekarar Innata ashirin da rasuwa, na so in faɗa miki ɗazu.

Ɗazu.

Mutumin da ke jin ciwon inji da kunne daga ɗaki na uku, shi ne zai kasa gane gurbi ɗaya bayan bayani uku? Ya gane. Tun ranar farko ya gane. Wuri ya samu inda ba za ta tari numfashinsa ba, inda sai ya kai aya kafin ta gani. Ita kuwa tana ta ba da labari ana dariya, Baba da kwamfuta sai a hankali…

Taku a kan bene. Biyu — mai nauyin na Yaya ne, ɗayan takalmi mai ƙwas-ƙwas. Sun yi sammako da minti goma. Allon yana nan yadda yake, hagu da dama, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Mai Riƙo za ta adana mata duk abin da ya riga ya faɗa, har abada in ta so. Wanda bai gama faɗa ba fa, wace manhaja ce… Yana can jikin taga yanzu haka, da rabin kalmar jiya a bakinsa, kuma ba ta san ko minti nawa take ɗauka ba kafin ta fito, don ba ta taɓa jira ba.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe baki za ta ce a shigo, muryar ta ƙi zuwa.