Zanen Ruwa a Bayan Dutsi

Shafi'i ya iya zana kowa a ƙauyensu ban da mutum ɗaya. Ya zana liman yana gyangyaɗi bayan azahar, ya zana mahauci da ƙudajensa, har jakin maƙwabta ya zana, mai jakin ya gani ya yi fushi wai an ƙara wa dabbarsa wayo a ido. Amma in ya ɗauko yayansa Alƙasim, sai kafaɗa ta fito daidai, wuya ya zauna, riga ta zauna, fuska ta ƙi. Ya goge ya sake har takarda ta huje. Daga baya ya haƙura ya juya shi. Duk zanen Alƙasim da ya yi, ƙeyarsa ake gani, yana tafiya.

Alƙasim ya tafi bida, wato ci-rani, Libiya tun Shafi'i yana ƙaramin aji a kwaleji. Ya kira daga Agadas ya ce gobe za su shiga mota, a yi musu addu'a. Daga nan shiru. Wasu suka ce motar ta lalace a tsakiyar rairayi, wasu suka ce an gan shi yana aikin gini a Sabha, an kuma samu wanda ya rantse ya ci tuwo da shi a Aljeriya. Babu gawa, babu shaida, saboda haka ba a yi zaman makoki ba. Liman ya taɓa zuwa da maganar a yi masa sadaka. Mahaifiyarsu, Inna Furera, ta ba shi ruwa ya sha, ta raka shi har ƙofar gida, kuma tun ranar gaisuwarsu ba ta wuce ta bakin hanya.

Kowace ranar kasuwar Tamaske sai ta dama fura a ƙwaryar Alƙasim, ta rufe da faifai, ta ajiye a ɗakinsa, sannan ta yafa mayafi ta je inda motoci ke sauke mutane ta zauna. In rana ta yi sanyi ba ta ga kowa ba, ta dawo ta miƙa furar ga duk baƙon da ke wucewa. Ba ta taɓa barin ɗan gida ya sa baki a ƙwaryar nan ba.

A lise ɗin Keita, babbar sakandaren da ke gaba da kwaleji, a nan ne Shafi'i ya gane cewa abin da yake yi a bayan littattafansa sana'a ce da ake karanta ta. Malaminsu na faransanci, Mushe Halidu, don haka ake kiran malami a lakkwal, wato makarantar boko, ya yi zaman Abijan, kuma yana da wani babban littafi na zanen zamani da yake ɗauka kamar jariri. A ciki akwai zanen da babu mutum babu itace, launi ne kawai ya hau kan launi, amma in ka daɗe kana kallo sai ƙirjinka ya yi nauyi. Ya kuma nuna masa a waya masu yin zane da jikinsu: ba alli ba fenti, mutum ya tsaya ko ya yi tafiya a gaban jama'a, abin da ya yi ɗin shi ne zanen. ’Yan ajin suka ce wannan ai tabin hankali ne da takardar shaida. Shafi'i bai yi dariya ba. Ya koma gida hutu yana niƙa jar ƙasar dutsi da gawayi da shuni, yana kwaɓawa da ƙaro, yana shafawa a takardar buhun siminti.

Da ya ci bak, jarrabawar gama lise, Mushe Halidu ya ce akwai makarantar zane a Abijan, kuma ’yan yankinsu na Adar sun cika garin, ba zai rasa wurin kwana ba. Shafi'i ya kwana biyu yana juya maganar kafin ya kai ta gaban mahaifiyarsa. Tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba.

“Na ba hanya ɗa guda, ba ta maido min ba,” in ji ta. “Ba ka tahiya ko'ina sai Alƙasim ya komo. Ranad da yak komo, ka tahi inda kake so.”

“Inna, in bai komo ba hwa?”

Sai a nan ta ɗaga kai ta dube shi, shi kuwa ya gwammace da marinsa ta yi.

Duk da haka ya shirya takardunsa. Ya ce wa ransa makarantar ta kira shi tukuna, sannan a san yadda za a yi da Inna. Makarantar ta nemi hotunan zanensa, da ɗan gajeren bidiyo na aikin da ya yi da jikinsa. Hotuna ba su ba shi wuya ba. Bidiyon ne ya hana shi sukuni, har ranar da ya buɗe tsohon akwatin ƙarfe yana neman takardar haihuwarsa, ya ci karo da rigar.

A sallar ƙarshe kafin ya tafi, Alƙasim ya sa an ɗinka musu riga iri ɗaya, shuɗiya mai aikin rawaya a wuya. Tela ya auna babban ya manta da ƙaramin, ya yanka biyu daidai wa daida. Ta Shafi'i ta zo masa har ƙasa, aka yi ta dariya, Alƙasim ya naɗe ta ya ce, “Aje ta, ka cim mata.” Shi kuma da tasa ya hau mota. Yanzu Shafi'i ya zura rigar, ta zauna masa kamar jiya aka auna shi.

Nan take aikin ya zo masa gaba ɗaya. Zai sa rigar, ya naɗe fuska da rawani kamar masu fitowa daga arewa, ya shafa farar ƙasa a hannu da ƙafa. Zai ɗauki bido, jarkar ruwa irin ta matafiya, wanda ake naɗewa da buhu, ya huda gindinsa da ƙusa, ya yi ta tafiya ruwa na zuba yana ja masa layi a ƙasa, har ruwan ya ƙare. Layin zai bushe kafin ya juyo. Wannan shi ne zanen, kuma shi ne karon farko da ya ji ya kusa faɗin abin da ke cinsa game da yayansa.

Ba ya son Inna ta gani, don haka ya zaɓi ranar kasuwa, lokacin da take can bakin mota, ya kuma zaɓi hanyar bayan dutsi, wadda kusan ba a bi. Abokinsa Mahdi zai hau kan wani falalen dutse ya ɗauka da waya.

To ga abin da ɗan lise ya manta, ko in ce bai taɓa tsayawa ya yi tunaninsa ba. Hanyar bayan dutsi tana da masu ita. Wanda ya dawo daga bida da kaya, a bakin mota yake sauka, da katifa da akwati da rediyo, yara na rububin ɗauka. Wanda ya dawo hannu wofi kuwa, tun kafin gari yake ce wa direba ya tsaya, ya rufe fuskarsa, ya zagayo ta bayan dutsi ya shiga gidan uwarsa ta baya. Kowa a ƙauyen ya san haka. In ka gamu da mutum a hanyar nan, sai ka duƙar da kai kamar kana neman wani abu, ka bar shi ya wuce da mutuncinsa. Shafi'i ya san zanen ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, wannan kuma ya shige masa duhu.

Bayan la'asar ya fara. Duwatsun Adar sun yi ja, ƙasa na mayar da zafin da ta sha. Ya saɓa bido, ruwa ya fara ɗiga a bayansa. Da farko yana sane da Mahdi da wayarsa, yana lissafin yadda zai fito. Da ya yi nisa kaɗan, nauyin bidon ya karkata shi, sai ya ji yana jan ƙafar hagu kamar yadda Alƙasim ke yi. Bai yi niyya ba. Ya yi ƙoƙarin gyara takunsa, ƙafar ta ƙi. Ƙarar ruwan a kan tsakuwa ta zama kamar wani na biye da shi, in ya tsaya a tsaya, in ya tafi a tafi. Ya waiga, babu kowa, sai layin da ya riga ya fara dusashewa daga can baya. Numfashinsa na dawo masa da zafi a cikin rawani. Kuma a nan, bayan shekarun da ya yi yana nema a takarda, fuskar yayansa ta zo masa sarai, da ɗan gibin haƙori, da tabon da ke gira. Tsoro ya kama shi, don ba a gabansa ya gan ta ba, ji ya yi tana kan tasa fuskar, ƙarƙashin ƙyallen.

Bai ga Jima ba sai da itacen da ke kanta ya zube. Jima maƙwabciyarsu ce, sa'ar Inna, ita ta yanke wa Alƙasim cibiya. Ta ga shuɗiyar riga mai aikin rawaya, ta ga jan ƙafa, ta ga mutum fari fat da ƙasar hanya yana tahowa ta inda marasa kaya ke tahowa. Ta san ya kamata ta duƙar da kai. Amma wannan ba wanda ya yi rani ɗaya ba ne, wanda aka fid da rai da shi ne. Ta dafe ƙirji ta rangaɗa guɗa, ta juya da gudu tana kiran, “Furera! Albishirinki! Furera!”

“Inna Jima!” Shafi'i ya yi kira, rawani ya cinye muryar. Ya bi ta da sauri don ya tsayar da ita, wanda ya hango daga nesa kuwa sai ya ga matafiyi yana ɗokin isa gida. Wata guɗar ta amsa daga bakin rijiya, wata ta karɓa daga cikin gari. Kafin ya kai gindin dutsi, mutane sun fito.

Inna Furera ce a gaba. Babu mayafi, babu takalmi, gudu take yi. Tunda aka haife shi bai taɓa ganin mahaifiyarsa tana gudu ba. Ya tsaya cak, ya kai hannu bakin rawanin. Yana da lokacin da zai kware shi, gaskiya yana da shi. Amma ya ga fuskarta a buɗe da irin murnar da ya manta tana da ita, hannun ya mutu a wurin. Ya so ta ƙara ko da taku biyu a cikin wannan murnar. Wannan shi ne laifinsa, kuma don tausayi ya yi shi.

Ita ta kware rawanin da kanta, a hankali, naɗi bayan naɗi. Da fuska ta bayyana, guɗar ta yanke. Wani dattijo ya ce, “Inna lillahi, Shafi'i na.” Jima ta zauna a ƙasa daɓas ta rufe baki da hannu biyu.

Inna Furera ta daɗe tana kallonsa. Ta kama bakin zanenta ta goge masa farar ƙasar da ke goshi.

“Ka rame,” ta ce.

“Inna, ni na. Shafi'i na. Aikin lakkwal na nike yi, don Allah ki gahwarce ni.”

“Na sani ka gaji. Kak ka yi magana yanzu.” Ta sauke bidon daga kafaɗarsa, ta girgiza shi kusa da kunnenta, ba ta ji komai ba. Idonta ya cika. “Ruwanka sun ƙare. Allah na gode maka da ba su ƙare da nisa ba.”

Ta riƙe wuyan hannunsa ta ja shi. Mutane suka dare suka ba su hanya, kowa ya duƙar da kai kamar yana neman wani abu a ƙasa. A ƙofar gida Mahdi ya cim masa, ya raɗa masa cewa ya ɗauki komai har ƙarshe, kuma wallahi duk malamin da ya ga wannan sai ya kira shi. 

Ɗakin Alƙasim ta kai shi. Tabarma a shimfiɗe, ƙasa a share, kamar kullum. Ta zaunar da shi, ta ɗauko ƙwaryar, ta buɗe faifan, ta motsa furar da ludayi ta ajiye a gabansa. Sannan ta zauna daf da shi, ta kama gefen shuɗiyar rigar ta naɗe a yatsunta.

“In ka ga ƙanenka, ka hwaɗa mishi na yarda,” in ji ta. “Ya daɗe shina roƙona, yaron kirki na. Na ce mishi sai ka komo, to ga ka ka komo. Shi tahi Abijan shi yi zanenshi, na sa mishi albarka.”

“Inna…”

“Kai ko ka gama tahiya. Ko bakin mota ba ka koma zuwa.” Ta tura ƙwaryar ta taɓa gwiwarsa. “Sha, Alƙasim. Tun sahe take jiranka.”

Daga inda yake zaune yana hango takardun simintinsa jingine a bangon tsakar gida, mutumin nan mai ƙeya yana tafiya a cikin kowace. Ya duba hannunta a kan rigar, ya ga yadda ta matse har jijiyoyi sun fito. Ya sa hannu biyu ya ɗauki ƙwaryar ya sha.