Turke Mai Lamba Sha Bakwai

Shekara tara ina aiki a ɗakin kula da turakun sadarwa na kamfaninmu. Ɗaki ne marar taga, sanyin na'ura kamar cikin firji, alluna shida a bango, kowane turke ɗigo ne a kan taswira. Kore yana aiki, toka a kashe yake. Aikina ke nan, kunnawa da kashewa.

Mijin ƙanwata Auta kuwa hawa turke yake yi, amma wa kamfanin da muke gasa da su. Kadangare muke ce masa, don in ya kama tsanin ƙarfen nan kafin ka gyara hula ya kai rabi. Mutum ne mai surutun tsiya, ga tsokana. Kullum sai ya ce ni mai gadin talabijin ne, ana biyana ina kallo.

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne, kamfanonin nan da ke zagin juna a talla, a kan turke guda suke rataya eriyoyinsu. Tamu a sama, tasu a ƙasa kaɗan, wani wurin ma kafaɗa da kafaɗa. Eriya kuwa in tana aiki ba a tsayawa gabanta, dafa mutum take yi daga ciki, ba ƙara ba hayaƙi. A ƙa'ida, mai hawa kamfaninsa yake sanarwa, su kashe tasu, su rubuto mana takarda mu kashe tamu. Takardar nan sai ta kwana uku a kan teburin wani. Don haka mu ƙananan ma'aikata muka yi wa kanmu hanya: mai hawa ya kira wanda ya sani a ɗaya ɓangaren ya tambaya ko akwai wuta a sama. In akwai, a rage masa ita na awa biyu, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Haka muka yi shekaru, ba a taɓa samun ko ƙwarzane ba.

Sai ga zancen sabon sabis, wanda aka ce fim guda zai sauka a waya kafin ka kurɓi shayi. Kamfanonin biyu suka haukace. Kowa so yake a ce shi ya riga. Aka tara mu aka ba mu takarda muka sa hannu: duk wanda aka kama ya yi maganar aiki da ma'aikacin wancan ɓangaren, ko da ɗan'uwansa ne ciki ɗaya, a bakin aikinsa, kuma sai kotu. Wata uku kafin nan an kori mutum biyu a kan haka, na ga ɗayansu yana fita da kwalin kayansa yana share ido. Ni kuma 'ya'ya huɗu gare ni.

Ranar Talata aka tsayar za mu gwada sababbin eriyoyi a turke goma sha ɗaya, a asirce, ƙarfe sha biyun rana. Da safe ina ajiye babur a ƙofar ofis wayata ta yi ƙara. Kadangare ne. Ya ce yana gindin turke mai lamba sha bakwai, zai canza wata waya da ta ƙone, tsoffin eriyoyinmu na can sama ba su dame shi ba, amma ya ga wasu sababbin akwatuna farare daidai inda zai tsaya.

"Yaya, waɗannan da rai ko gawa ne?"

Sha bakwai na cikin jerin. Na duba agogo, tara saura. Na yi lissafi a raina, aikin awa ɗaya da rabi ne, shi kuma ga sauri.

Na ce, "A kashe suke. Amma kada ka yi wasa, ka sauko kafin sha ɗaya."

Ya tambayi dalili, na ce rana ce za ta yi zafi. Ya yi dariya ya ce yaushe mai gadin talabijin ya san zafin rana, ya kashe waya. Gaskiya na faɗa masa, a lokacin a kashe suke. Da wannan nake ta rarrashin kaina har yau, kuma ba ya aiki.

A ƙofar ɗaki aka karɓe wayoyinmu aka zuba a akwati aka kulle. Goma saura kwata manaja ya faɗo kamar an koro shi, kwat a hannu. Wai labari ya zo masa cewa waɗancan za su kira 'yan jarida kafin sha biyu. Ba sha biyu ba, ƙarfe goma za a kunna, a ɗauki hoton allo a tura wa manyan kamfani.

Na ce zan zaga banɗaki, ya ce ba mai fita sai an gama. Ya tsaya a bayana, ina jin ƙamshin turarensa, ya sa aka buɗe rajistar masu hawa. Rajistar ma'aikatanmu kaɗai take nunawa, kuma ba ko ɗaya a sama.

"Akwai mutum a kan wani turke a cikin sha ɗayan nan?"

Tambayar ƙa'ida ce, kullum ana yinta. Kalma biyar kawai ake bukata daga bakina, in ce akwai mutum a sha bakwai. Amma zai ce ta yaya na sani, a gaban mutum takwas. Na ce wa kaina Kadangare ya fi awa guda a sama, tabbas ya gama, wataƙila ma yana ƙasa yana cika direbansu da surutu. Na san ƙarya nake wa kaina, wallahi na sani.

Na ce, "Babu."

Ni na danna da yatsana. Ɗigo sha ɗaya suka koma kore, ɗaki ya ɗauki tafi, manaja ya dafa kafaɗata. Har lemo aka raba.

Da aka buɗe akwati na tarar da kiran Auta guda goma sha huɗu.

Direbansu ne ya ba ni labari a barandar asibiti. Ya ce yana kallonsa daga ƙasa, ya ga ya fara shafa fuska yana girgiza kai kamar wanda ƙudan zuma suka taso wa. Sai ya cire ƙugiyar igiyarsa zai matsa gefe, kafin ya maƙala ta a wani ƙarfen hannunsa ya saki. Bai kai ƙasa ba, dandamalin da ke tsakiyar turken ne ya tare shi, da baya. Likita ya ce rai dai ya tsira, amma daga ƙugu zuwa ƙasa sai haƙuri. Kamfaninsa ya ce bai jira amsar takarda ba. Namu ya ce ba a sanar da shi akwai mutum ba. Duka biyun kuma, a rubuce, ba su yi ƙarya ba.

Sai kwana na huɗu na iya shiga ɗakin. Yana kwance ɗoɗar, an ɗaure masa wuya, fatar goshinsa ta saɓule. Auta na zaune a gefen gado da kofi da cokali, cikinta wata bakwai, idanunta sun kumbura. Ta ba ni kujera. Kuka ya ƙare mata, saura faɗa, kuma shi take yi wa.

Ta ce ita abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ganganci. Shekara nawa yana kiran Yaya kafin ya hau, ko muna tsakiyar cin abinci sai ya kira, sai ranar da ta fi kowace rana ya ga dama ya yi gaban kansa. Ta juya gare shi.

"Ka faɗa min a gabansa. Me ya hana ka kiran Yaya?"

Ba ya iya juya wuya, idanunsa kawai ya kawo kaina. Ya daɗe yana kallona. Sai ya mayar da idanun kan cikin matarsa, sannan kan silin.

Ya ce, "Mantawa na yi."

Auta ta kifa kai a kan katifa. Can ta ɗago ta miƙo min kofin, ta ce in taimaka in ba shi ruwan. Na karɓa. Na kai cokalin bakinsa, ya buɗe ya sha.