Kan Keke Zai Faɗi

Taƙaitaccen bayani, domin mai gaggawa: wata Asabar da hantsi, a unguwar Harobanda da ke ƙetaren gulbi a birnin Yamai, jama'a sun kama wani dattijo mai suna Elhaji Yakuba, ɗan kasuwa mazaunin Bukoki, bisa zargin satar kan keken ɗinki. Bincike ya tabbatar da cewa ba a saci keken ba, babu wanda ya shigar da ƙara, kuma mutumin da kururuwarsa ta jawo kamun aminin wanda aka kama ne. An rufe magana ba tare da an taka komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ba. Abin da ke biye cikakken bayani ne, daga wanda aka yi abin a gaban idonsa.

Sunana Salisu, amma a unguwa Mushe ake kirana, wato "malam" a bakin masu Faransanci, domin akawu nake a gidan shari'a kafin in ajiye aiki. Yanzu zamana ya koma fadarmu ta ƙofar shagon Mu'azu tela, inda ake yanke hukunci fiye da inda na baro, kuma ba a taɓa ɗage zama don rashin shaida ba.

Babban alƙalin wannan fada shi ne Elhaji Yakuba, Bagobiri daga Tibiri, mai sayar da kwanuka da bokitai. Yana da ra'ayi a kan tsadar shinkafa, da ɗaukewar wuta, da duk abin da rediyo ya faɗa da safe, har da abin da rediyo ya ƙi faɗa. Amma inda ya fi ƙwarewa shi ne maganar ɓarayi, kuma a bana bai rasa abin faɗa ba, don an ɗauke motoci masu ƙafa biyu da tukwanen gas a unguwa, har da tunkiyar ladan.

"Mushe, ku kuka ɓata ƙasar nan da takardunku," haka yake ce mini kusan kullum, yana riƙe da kofin shayi. "A kama ɓarawo da safe, ku buɗe masa dosiye, ku yi ta tara takardu, kafin la'asar ya riga mai kaya komawa gida. Ni a ganina, inda aka kama shi, nan ne kotu."

"To in ba shi ba ne fa, Elhaji?"

"Ba shi ba ne? Ka taɓa ganin an yi wa mutumin kirki ihu a titi? Ɓarawo daga bakinsa ake gane shi. Da farko ya ce wallahi ba ni ba ne. In ya ga ba ta karɓu ba, ya ce ku tsaya in yi muku bayani. In ya hango icce, sai ya tuna akwai hukuma, ya ce ku kai ni komisariya. Duk wanda ka ji ya jero waɗannan, kada ka ɓata wa kanka lokaci."

Saboda yawan sace-sacen, mai unguwa ya kira taro ranar Lahadi don a zaɓi shugaban kwamitin tsaro. Elhaji Yakuba ya sa wannan kujera a ransa yadda ban taɓa ganin ya sa wani abu ba. Ya sayi usur. Ya ba Mu'azu shadda ruwan ƙasa ya ɗinka masa babbar riga. Ba shi da takardar makaranta, ba shi da dangi a gwamnati. Abin da zai shiga takara da shi guda ne, wato sunansa, wanda ba a taɓa jin sa a wata magana marar daɗi ba.

Game da Mu'azu kuwa, mutumin Damagaram ne, mai sanyin hali, kuma yana da i'ina. In hankalinsa a kwance yake, ba ta cika damunsa ba. In ya firgita, sai ya maƙale a kalmar farko kamar keken da zare ya sarƙe masa. Abin mamaki, idan yana taka keke yana rera waƙa, ko harafi ɗaya ba ya tsaya masa.

Ranar Asabar, jajibirin taron, Mu'azu ya roƙe mu mu raka shi Harobanda ya ɗauko kan keken da ya saya wurin wata Hajiya Zeinabu, wadda mijinta ya bar ɗinki saboda ciwon ido. Ni an gayyace ni ne don wanda ya ajiye aiki ba shi da hujjar ƙin rakiya. Elhaji kuma ya zo cikin sabuwar rigarsa, wai yana son ya ga yadda take faɗuwa a jiki kafin gobe.

Muka ƙetare kadarko, wato gadar gulbi, muka sha ruwa a gidan Hajiya, muka fito da kan keke, baƙi, tsohon yayi, mai nauyin gaske. Mu'azu ya ce a nemo amalanke. Elhaji ya ce shi da ya yi ƙuruciyarsa yana sauke buhunan gero a tasha ba zai tsaya jiran amalanke ba, ya saɓa shi a kafaɗa. Mun kusa fita bakin titi sai ya hango wata faba-faba, irin ƙananan motocin hayar nan, tana shirin tashi. Ya tattare riga ya sheƙa da gudu don ya tsayar mana da ita.

Mu'azu, da ke bayansa, ya ga kan keken yana zamewa a kan santsin sabuwar shadda. Ya miƙa hannu yana nuna Elhaji, ya buɗe baki da iyakar ƙarfinsa don ya ce zai faɗi.

"Zai! Zai! Zai!"

A nan ya maƙale. To, a Hausa wannan kalma ba ta da laifi, jiran 'yar'uwarta kawai take yi. Amma Harobanda unguwar Zabarmawa ce mafi yawa, kuma a Zabarmanci "zay" na nufin ɓarawo. Ina roƙon mai karatu ya duba al'amarin da idon mutanen layin: ga mutum yana gudu da keke a kafaɗa, ga wani a baya yana nuna shi yana kururuwar ɓarawo. Na sha rubuta shari'o'in da hujjarsu ba ta kai wannan ƙarfi ba.

Kafin Elhaji ya kai bakin titi, layin ya cika. Masu gyaran moto mai ƙafa biyu suka taso, mai tuyar ƙosai ta taso da matsaminta, wani ya fito daga shagon aski da rabin kai a aske. Aka cafke shi ta wuyan riga. Kan keken ya yi abin da Mu'azu ya hango masa, ya faɗi.

Gwiwoyina ba sa karɓar umarnin gaggawa, saboda haka lokacin da na iso an riga an zaunar da Elhaji a ƙasa, ba hula, takalmi ɗaya, wayoyin salula kamar goma suna ɗaukarsa bidiyo. Na iso daidai lokacin da yake cewa:

"Wallahi ba ni ba ne!"

Wani ƙaƙƙarfan mutum mai gareji, Faisal, wanda na fahimci shi ne shugaban tsaron wannan layi, ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu.

"Haka kuke cewa dukanku, Baba."

"Ku tsaya in yi muku bayani!"

"Kun ji ko?" in ji Faisal, ya juya ga jama'a. "Saura ɗaya."

Elhaji ya hango wani saurayi yana zaro icce daga rumfar mai ƙosai. Na ga ya yi ƙoƙarin danne maganar, amma ta fi ƙarfinsa.

"Ku kai ni komisariya!"

"Komisariya!" Faisal ya yi dariya. "Don su buɗe maka dosiye, kafin la'asar ka riga mai kaya komawa gida? Baba, inda aka kama ka, nan ne kotu."

Elhaji ya ɗaga kai ya dube shi, irin kallon da mutum ke yi wa wanda ya gani sanye da rigarsa.

Na kutsa na gabatar da kaina, na ce wannan dattijo abokinmu ne, kuma tare muka zo. Wata murya daga baya ta ce ai dama ba sa tafiya su kaɗai, akwai tsohon da ke yi musu gadi. Na ga idan ban yi hattara ba, za a buɗe dosiye na biyu. Sai na koma ga abin da na sani.

"Ranka ya daɗe, shugaba," na ce wa Faisal, "kowace kotu, ko ta bakin titi ce, tana farawa da mai ƙara. Wane ne mai ƙara?"

Ya ji daɗin kiran, ya sa aka turo Mu'azu gaba. Mu'azu na haki, gumi ya jiƙe shi, yana kaɗa hannuwa biyu alamar a'a, jama'a kuma na ɗaukar haka alamar baƙin cikin wanda aka yi wa sata.

"Malam, kwantar da hankalinka, an kama shi," in ji Faisal. "Faɗa wa jama'a, wannan mutum mene ne?"

"Z-z-zai... zai..."

"Shi ke nan. Ya maimaita a gaban shaidu."

"Mu'azu, don girman Allah ƙarasa!" Elhaji ya yi tsawa daga ƙasa. "Ƙarasa, ɗan Damagaram, za ka sa a kashe ni!"

Tsawar ta ƙara ɗaure masa harshe. Saurayi mai icce ya matso. A nan ne na kama kafaɗar Mu'azu na ce masa a kunne, "Kada ka faɗa. Rera shi, kamar kana kan keke."

Ya dube ni kamar na zautu. Sannan ya rufe ido, ya fara taka ƙasa da ƙafar dama kamar mai taka keke, ya saki murya, siririya, mai daɗi, ba gargada:

"Zai faɗi, kan keke zai faɗi, Elhaji riƙe da kyau. Keken nawa ne, Elhaji nawa ne, jama'a ku sake shi."

Mai ƙosai ce ta fara fashewa da dariya, har ta zauna a ƙasa. Daga nan ta bazu. Mai rabin aski ya roƙi a sake rerawa, don bai ɗauka daga farko ba. Saurayin ya mayar da iccen cikin wuta a hankali, kamar dama gyara wutar ya zo yi. Ana cikin haka Hajiya Zeinabu ta iso, don labari ya kai mata cewa an sace keken mijinta, ta tabbatar da ciniki da bakinta.

Elhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga, wadda ta yage daga wuya zuwa aljihu. Yanzu da ya ga babu icce, muryarsa ta dawo. Ya ce sai ya kai ƙarar layin gaba ɗaya, tun daga Faisal har mai ƙosai. Hajiya, wadda Bazabarmiya ce, ta matso ta leƙa fuskarsa, ta ga zanen Gobir a kumatunsa.

"Af! Ashe Bagobiri ne?" ta ce. "To ai yara ba su yi kuskure mai yawa ba. Yau dai ba ka ɗauka ba, amma wa ya san jiya?"

Zabarmawa da Gobirawa taubasai ne, kuma abin da taubashi ya yi maka ba a kai shi gaban hukuma, sai dai ka rama da baki. Elhaji ya san wannan sarai. Ya ce mutanen da ba su iya jiran ƙarshen magana ba, ba mamaki su ci tuwo tun yana gari. Aka yi shewa. Faisal ya ba shi haƙuri da hannu biyu, ya kawo masa silifas ɗinsa na salla, ya tsayar mana da taksi, ya ɗora kan keken da kansa.

Kafin mu ƙetare kadarko, bidiyon ya riga mu isa Bukoki. Bidiyo biyu ne: na kamu da na waƙa. Na kamun ya fi sauri. Da yamma Elhaji bai fito fada ba. Na same shi a zaure, ya ce mini ya fasa takara, don ba zai tsaya gaban mutane yara suna rera masa "zai faɗi" ba.

"In ka ƙi zuwa, bidiyon farko ne zai yi magana a madadinka," na ce. "Ka ga yadda ake yi wa wanda ba a ji ta bakinsa ba."

Ranar Lahadi ya zo, cikin tsohuwar riga. Yana shigowa wani ya yi tari mai kama da "zai", dariya ta tashi. Ya jira ta lafa, sannan ya nemi izinin mai unguwa.

"Kun gani, ni ma na gani, daga ƙasa," ya ce. "Har yanzu ina nan kan bakana, ɓarawo ba abin tausayi ba ne. Amma in kun ba ni wannan aiki, doka ta farko ita ce: duk wanda ya yi ihu, sai ya ƙarasa maganarsa kafin a taɓa kowa. Wanda aka kama shi ma ya ƙarasa tasa. Daga nan a kai shi komisariya, su Mushe su yi ta takardunsu."

Ladan, mai tunkiyar da aka sace, ya ce shi yana goyon baya, domin a duk unguwar Elhaji kaɗai ne ya san aikin ta fuska biyu. Aka ɗaga hannu. Ya ci, ba tare da an sha wahalar ƙirga ba.

A fada har yanzu yana cewa mu muka ɓata ƙasa da takardu. Sai dai ya daina jero alamomin nan na gane ɓarawo, kuma idan Mu'azu ya maƙale a tsakiyar magana, Elhaji ne ke ɗaga hannu ya hana kowa katse shi.

Abin da al'amarin ya ci: babbar riga ɗaya, shadda ruwan ƙasa, ta gyaru amma ɗinkin yana nunawa. Hula ɗaya, ba a gan ta ba. Takalmin ƙafar hagu, shi ma haka. Marfin gefen keke, ya lotsa, keken yana aiki. Ƙosai rabin kasko, ya ƙone lokacin shari'a. Silifas ɗin Faisal, har yau ba a mayar ba.