Barcin Ranar Covrig

Likitan dabbobi ya yi mata bayani dalla-dalla, Otilia kuma ta rubuta a takarda ta liƙa a jikin firji. In ɗan kwikwiyon ya yi wasa na awa guda, sai ya shiga keji ya yi barci. A lulluɓe kejin da bargo, a bar gefe ɗaya a buɗe. A saka masa tsohuwar rigar mai shi don ya riƙa jin ƙanshinta. In ya yi kuka kada a je, sai ya yi shiru tukuna, in ba haka ba zai gane cewa kuka ke buɗe ƙofa.

Kwana biyar ke nan tana bin takardar, shi kuwa Covrig, mai sati tara a duniya, bai yarda da ko layi ɗaya ba. Rigar tata ya tura ta lungu ya tsula mata fitsari. Da an rufe ƙofa sai ya fara wani siririn kuka mai shiga ƙashi, har matar hawa na uku ta ɗauki cokali ta bubbuga bututun ɗumama ɗaki, don bayan ƙarfe ɗaya na rana lokacin hutu ne a benen.

"To Malama, yanzu me takardar taki ta ce?" in ji mahaifiyarta Domnica daga kicin, tana tuƙa mamaliga, tuwon masararsu.

"Ta ce a ƙyale shi."

"Shi likitan naki ya taɓa raino kuwa?"

"Mama, kare ne fa."

"Na gani. Ai ban ce akuya ba ce."

Wata huɗu ke nan da Domnica ta dawo garinsu Bârlad, bayan shekara goma sha tara tana jinyar tsofaffi a Italiya. Otilia na da shekara bakwai ta tafi ta bar ta a hannun kaka. Yanzu kakar ta rasu, su biyu suka rage a gidan, suna kauce wa juna a bakin banɗaki kamar baƙin da jirgin ƙasa ya haɗa. Don a sami abin magana ma Otilia ta kawo karen. Ita ta zaɓe shi, ita ke sauka da shi hawa huɗu sau shida a rana. Amma silifas ɗin Domnica yake bi, a kansu yake kwanciya.

Ran Asabar ta saka shi a keji, ta fita sayen burodi don kunnenta ya huta. Da ta dawo, tun daga matakala ta ji shiru. Sai ta ji daɗi, ta ce a ranta yau dai takarda ta ci. Ta cire takalmi ta shiga falo a hankali.

Domnica na zaune a ƙasa, ita da ke kukan gwiwa kullum. Ta zura yatsu uku ta tsakanin ƙarafan kejin, Covrig ya ɗora haɓa a kansu. A ƙarƙashinsa rigar sanyinta ce mai ruwan toka, wadda take sawa in za ta coci. Tana ɗan jijjiga jiki tana rera masa waƙar sa jariri barci ƙasa-ƙasa, "Nani, mamă. Nani, nani, mamă."

Otilia ta tsaya da burodi a hannu. Mamă, wato mama. A ƙasarsu haka uwa ke kiran ɗanta, da sunan da shi yake kiranta. Matar gidan burodi ma haka take kiran ƙaton ɗanta mai gemu, ɗazu ta ji ta. Ita kuwa Otilia ce, sunan a cike, kamar ana kiran layi a asibiti. A wayar da uwar ke bugowa daga Italiya duk ranar Lahadi ma haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Otilia, kin ci abinci? Otilia, ba ni kakarki.

Ta dubi karen, da kumburarren cikinsa da kunnensa guda da ya juye, ta ji kamar ta finciko shi daga kan rigar.

"Kin ɓata min aikin kwana biyar," ta ce cikin raɗa.

"Shhh. Yanzu ya samu barci."

"Wa ya ce ki sa masa rigarki?"

"Taki ai ya ba ki amsa a kanta."

"Kare nawa ne."

"Wa ya ce nawa ne? Ni cikinsa na ɗauka?"

"To me ya sa kike kiransa haka?"

Muryarta ta fita fiye da yadda ta so. Covrig ya motsa ƙafa, su duka suka yi tsit har ya sake lafawa. Domnica ba ta ɗago ba.

"Shi minti goma ya yi kuka kin sauko ƙasa," Otilia ta ce. "Ni shekara nawa na yi?"

Domnica ta gyara gefen bargon da ɗaya hannun.

"Kin fi shi iya kuka," ta ce. "Watan farko kullum sai na kira. Da kin ji muryata sai ki yi ta yi har ki yi amai. Kakarki ta ce ni ke tayar miki da hankali. Ta ce Lahadi kawai, a taƙaice, ban da sunayen shagwaɓa, za ki saba. Ni ma na bi tawa takardar."

"Sai me?"

"Sai ta yi aiki mana. Wata uku kika daina. Kika koma gaishe ni kamar malamar makaranta." Ta ja hanci. "Wannan kam ba zan zauna ina ji har ya saba ba. Likitanki ya zo ya kama ni."

Akwai abin da Otilia ke son roƙa, amma mace mai shekara ashirin da shida ba ta san ta inda ake fara roƙonsa ba. Ta ajiye burodin a kan kujera.

"Hannunki zai sage," ta ce.

"Ya sage tun ɗazu."

"Cire in sa nawa."

Ta durƙusa ta zura yatsunta inda na uwar suka fita. Covrig ya buɗe ido ɗaya, ya shinshina su, ya kau da kai yana neman waɗancan, ya fara ɗan ƙugi. Kunya da haushi suka kama Otilia, ta soma janyewa.

Domnica ta cafke wuyan hannunta ta mayar da shi ciki.

"Ina za ki? Tsaya mana, sarkin gaggawa. Ba a cirewa tun bai yi nisa ba."

Tafin hannun nata kaushi gare shi, ga ɗumi, ga warin albasa. Rabon da ta riƙe ta haka tun kafin Italiya. Otilia ta san sarai don karen aka riƙe ta, abin kuma ya ci mata rai. Duk da haka ta gyara zama a kan sanyin daɓen, ta bar hannun inda yake.